Kwalin Maganin Yaya Na Raba Shi da Ƙaninsa

A gidan da ake renon yara maza biyu masu tazarar shekara biyu da rabi, komai sai an raba daidai. Ƙosai biyar ba ya rabuwa sai an ƙaro na shida. Takalmi iri ɗaya, kofi iri ɗaya, in ba haka ba kuka har la'asar. Hannuna ya saba da wannan rabon har ba na tsayawa tunani, kuma da wannan sabon na buɗe kwalin maganin zazzaɓin cizon sauro a watan Agusta, na ƙirga ƙwaya 12, na ware wa Yaya 6, ƙaninsa 6. Kwana 13 bayan haka muna kwance a asibiti ana ƙara wa Yaya jini.

Maganin da aka fi ba yara a nan, wato haɗin artemether da lumefantrine wanda kowa ke kira Coartem ko da wani kamfani ne ya yi shi, da nauyin yaro ake auna shi. Ƙaramar ƙwayar ita ce mai lamba 20/120 a jikin kwali. Yaro mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya 1 yake sha kowane lokaci, duka 6 ke nan. Mai kilo 15 zuwa ƙasa da 25 ƙwaya 2, duka 12. Daga 25 zuwa ƙasa da 35 ƙwaya 3, daga 35 zuwa sama ƙwaya 4. Yaya kilo 19 ne a lokacin, ƙaninsa 12. Kwalin nan mai 12 na Yaya ne shi kaɗai, kuma mai kemis ya faɗa mini da bakinsa: biyu da safe, biyu da dare. Da na dawo gida bayan magariba na taɓa ƙaramin na ji shi ma da ɗumi, ga ruwan sama ana ta yi, ga Abbansu bai dawo ba. Na ce a raina ai dukansu yara ne, ɗaya-ɗaya ta ishe su. Rabin magani na ba Yaya har kwana uku.

Abin da ke ruɗar mutum shi ne rabin maganin ma yana saukar da zazzaɓi. Artemether ɗin da ke ciki yana da saurin aiki, cikin kwana ɗaya ko biyu ya kashe yawancin ƙwayoyin cutar, yaro ya tashi ya nemi abinci. Amma ba ya daɗewa a jiki. Lumefantrine ne ke zama cikin jini kwanaki yana share ragowar, kuma shi ne ke buƙatar cikakken awo. In bai kai ba, 'yan ƙwayoyin da suka tsira sai su ci gaba da hayayyafa a ɓoye, suna fasa jajayen ƙwayoyin jini. Shi ya sa a kwanakin nan Yaya ba shi da zafin jiki amma ya daina tsere da ƙaninsa, yana rage tuwo, yana kwanciya a tabarma da hantsi. Na ɗauka raunin bayan ciwo ne. Da na buɗe tafin hannunsa ko na ja fatar idonsa ta ƙasa na duba, da na ga ya ɗashe tun kafin zazzaɓin ya dawo. Wannan dubawar ba ta kai minti ɗaya ba, yanzu duk bayan jinya ina yin ta kullum har mako huɗu.

Akwai kuma lokacin sha, wanda shi ma na yi wa sakaci. Ba safe da dare kawai ba ne daga farko. Na farko da zarar an samu maganin, na biyu bayan awa 8, sannan safe da dare a kwana biyun da suka biyo baya. In an fara da ƙarfe 2 na rana, na biyu ƙarfe 10 na dare ne, ko yaro ya yi barci a tashe shi. Kuma lumefantrine ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo a ciki. Madara, nono, kunun gyaɗa, ko ɗan ƙosai sun wadatar, mai shan mama kuwa a ba shi mama. Ni da ruwa zalla na riƙa ba Yaya saboda ba ya son cin komai, ga shi kuma rabi ne. In yaro ya amayar cikin rabin awa ana sake ba shi, wanda ke nufin sai an ƙaro ƙwaya don lissafin ya cika. A kula da lambar kwali ma: akwai babbar ƙwaya mai 80/480 ta manya, guda ɗaya daidai take da ƙanana 4, kuma kwalayen sukan yi kama.

Ƙaramin kuwa ban ma gwada shi ba. Yaya aka tsira wa yatsa a kemis, bayan minti 15 layi biyu suka fito a jikin abin gwajin, alamar yana da cutar. Ƙaninsa zato kawai na yi, washegari majina ta ɓalle masa da tari, alamar mura ce. Na ɗebe ƙwaya 6 daga wanda aka tabbatar yana da cutar na ba wanda ban tabbatar ba. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Wani abin da ban lura da shi ba sai daga baya: a daminar nan Yaya ne ya fi zama cikin haɗari, ba ƙaramin ba. Maganin rigakafin da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna rabawa a nan Kano daga Yuli zuwa Oktoba na yara ne masu wata 3 zuwa wata 59. Duk kwana 28 suke zuwa, a ba yaro ƙwaya biyu a gabansu rana ta farko, a bar wa uwa guda biyu na kwana biyun da ke biye. Yaya ya cika shekara 5 kafin damina, don haka da suka zo a Yuli ƙaninsa kaɗai suka ba, har ya yi ta kuka wai an yi masa wariya. Shekaru huɗu yana samun wannan kariyar, wannan ce daminarsa ta farko babu ita. Ni kuwa hankalina na kan ƙaramin kamar kullum, ina ganin babba ya yi ƙwari. Duk mai yaron da ya fita daga wannan rabon bana, ta sa masa ido fiye da na goye.

Ranar da zazzaɓin ya dawo, da asuba ma'aunin zafi ya nuna 39.6 a hammata. Na ba shi farasitamol ya amayar, na ba shi ruwa ya amayar, ina kiransa yana buɗe ido da ƙyar. Waɗannan alamun ba na kemis ba ne: yaro ya kasa sha, yana amayar da komai, barcin da ba a iya tashinsa, jijjiga, numfashi da sauri, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, ido ya yi rawaya. Ɗaya daga ciki ta isa a nufi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne. A cikin adaidaita ya fara jijjiga. Ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura ruwa ko wani jiƙo, a kwantar da shi a gefe ɗaya a sassauta masa riga. Wannan kam na sani, na kuma yi, na gode wa Allah.

Likita bai sake yin gwajin yatsa ba, don wannan gwajin yakan ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan jinya ko cutar ta tafi. Jini aka ɗiba aka duba a madubin likita, aka kuma auna yawansa. Sai ya tambaye ni, "Maman yara, wane magani ya sha wancan karon, kuma nawa kike ba shi?" Na ce, "Ɗaya-ɗaya, Likita." Ya dubi sikeli ya dube ni, ya ce, "Biyu ne nasa." Bai ƙara komai ba, ni ma ban iya cewa komai ba. Aka sa masa allurar artesunate ta jijiya, ta farko nan take, ta biyu bayan awa 12, ta uku bayan awa 24, aka ƙara masa jinin da Abbansu ya bayar. Da ya fara iya haɗiya sai aka dawo da shi kan maganin nan dai da na raba, cikakken kwana uku, biyu-biyu, da kunun gyaɗa. Kwana biyar muka yi, ƙaramin yana wajen Hajiya kakarsu yana ta tambayar ina Yaya. Abin da muka kashe ya ninka kuɗin kwali na biyu fiye da yadda nake son lissafawa.

Gidan sauro ma sai da na sake duba shi, don tun farko ta nan cizon ya shigo. A katifa ɗaya suke kwana, Yaya kuma mai birgima ne, kullum gari na wayewa hannunsa ko ƙafarsa na manne da ragar, sauro na cizo ta waje. Ƙaramin in ya tashi fitsari sai ya zare gefen da aka cusa ƙarƙashin katifa, ba mai mayarwa. Na sami huji uku a ƙasa inda suke wasan kokawa. Na ɗinke su, na sa matashin kai dogo tsakanin Yaya da raga, kuma kafin in kwanta ina zagayawa in sake cusa gefuna huɗun. Sabon gidan sauro mai magani ana shanya shi a inuwa awa 24 kafin a fara kwana ciki. Wanki da sabulu mai sauƙi, shanya a inuwa, don rana tana kashe maganin da ke jikinsa.

Yanzu a cikin murfin durowar magani akwai takarda mai layi biyu, kowane yaro da nasa: nauyinsa, ranar da aka auna shi, ƙwaya nawa yake sha, farasitamol mil nawa. Farasitamol na ruwa mai miligiram 120 a cikin mil 5, Yaya mil 10, ƙaninsa mil 6 kamar yadda aka rubuta mana, duk awa 6 in akwai zafi, kada ya wuce sau 4 a yini da kwana, kuma da sirinji nake aunawa don cokulan kicin ba girmansu ɗaya ba. Duk wata uku ina kai su a ɗora su a sikeli in gyara takardar, saboda ƙaramin yana kilo 14 yanzu, yana taka 15 nasa zai koma biyu-biyu. In an sayo magani, kafin in ɓalle ƙwaya ko ɗaya ina duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in rubuta sunan mai shi a jikin kwalin da biro, in ja gida shida in riƙa sokewa duk lokacin da ya sha. Ranar da ƙaramin ya ga ana ba Yaya magani ya miƙo hannu yana cewa shi ma, na ba shi dabino biyu na rufe durowar.