Gyare-gyaren da Suka Farfaɗo da Na'urar Hangen Nesata

Na shafe kusan shekara guda ina ɗora wa na'urar hangen nesata laifin da ba nata ba. Irin ƙirar da Isaac Newton ya fito da ita ce a 1668, inda babban madubi mai kwarmi yake zaune a gindin bututu yana tattara haske, ƙaramin madubi kuma da ke karkace kusa da baki ya juya hasken zuwa gilashin ido. Faɗin babban madubina milimita 200 ne, nisan tattara haskensa milimita 1200, don haka gilashin ido na milimita 10 yana ninka girman abu sau 120. A lissafi wannan ya isa in ga ratsin jikin duniyar Jupita, wadda masana falaki ke kira Mushtari, amma abin da nake gani bai wuce wani farin dunƙule da ke rawa ba, kamar kwabon da ya faɗa ƙasan ruwa mai gudu.

Saura kaɗan in sayi gilashin ido mai tsada, sai na ga ya fi kyau in fara duba abin da ke hannuna. Na ciro babban madubin, na manna ƙaramin zobe na takarda a tsakiyarsa daidai, wurin da inuwar ƙaramin madubi ta riga ta rufe, saboda haka ba a asarar wani haske. Da murfi mai ɗan rami a tsakiya na leƙa ta mazaunin gilashin ido, na saita ƙaramin madubi tukuna, sannan na riƙa juya sukurori ukun da ke bayan babban har zoben ya hau tsakiya. Da dare na gwada da tauraro mai haske, na ɗan murɗa mazaunin gilashin ido da gangan har hoton tauraron ya ɗan baje, domin idan saiti ya yi, za a ga da'irori a cikin juna, baƙar inuwa na tsakiyarsu.

A nan ne wata matsala ta fito fili, domin da'irorin sun zo da kusurwa uku. Ashe maƙalai ukun da ke riƙe da madubin an ɗaure su tamau tun daga masana'anta, gilashi kuwa, duk kaurinsa, yana lanƙwasa gwargwadon da ido ba ya gani amma haske yana tona shi. Na sassauta su har siririn kati yana iya shiga tsakaninsu da madubin, tunda aikinsu hana shi faɗowa ne kawai.

Gyaran da ya fi ba ni mamaki shi ne na zafi. Gilashi mai kauri yana jinkirin hucewa, idan aka fito da shi daga ɗaki zuwa iskar dare sai wata siririyar iska mai ɗumi ta kwanta a fuskarsa, kuma dole haske ya ratsa ta sau biyu, a shigarsa da kuma a komawarsa. Rawar da na daɗe ina ɗauka daga sararin sama take, yawancinta a cikin bututuna ake haifar da ita. Na ɗauko fankar kwamfuta mai faɗin milimita 80 mai aiki da wutar lantarki bolt 12, na rataye ta a bayan madubin da zaren roba maimakon sukuru, don kada girgizarta ta kai ga hoton, na sa ta tana hura iska zuwa gilashin. Yanzu nakan fitar da na'urar in kunna fankar kafin in fara kallo, in bar ta tana aiki a hankali har in tashi.

Na kuma liƙa baƙin ƙyalle mai laushi a cikin bututun, daura da mazaunin gilashin ido, don ya shanye hasken da ke yawo. Ya ɗan ƙara duhun bayan hoto, amma a ganina an fi zuzuta wannan gyara fiye da amfaninsa.

A daren farko da iska ta kwanta bayan waɗannan ayyuka, da gilashin idon nan da na so in yar, na ga ratsi biyu masu duhu a jikin Mushtari da ɗigon inuwar ɗaya daga cikin watanninta. Da na juya kan Zuhal kuwa, wato duniyar Saturn mai zobe, sai ga baƙin layin da ya raba zobenta, wanda Giovanni Cassini ya gano a 1675.