Abin da wuƙar girkin Hannah Höch ta koya mini

Da malamarmu ta ce ranar Alhamis za mu je gidan adana zane-zane na Neue Nationalgalerie mu kalli aikin liƙe-liƙen takarda, sai da na ja tsaki a zuci. Ni da na baro gida na zo Berlin don hannuna ya faɗa a fenti da burushi, a ce in kashe yini guda kan abin da muka yi tun ajin farko da tsofaffin jaridu da gam? A wurina liƙe-liƙe wasan yara ne, abin motsa hannu kafin a shiga aikin gaske.

Malama ba ta yi mana wani bayani ba. Ta tsayar da mu gaban hoto guda, ta ce minti ashirin kowa ya kama bakinsa, waya kuma a aljihu. Aikin mai zane Bajamushiya Hannah Höch ne na 1919 zuwa 1920, tsawonsa santimita 114, faɗinsa 90. Sunansa dogo ne kamar kirari, ma'anarsa dai yanka da wuƙar girki ta Dada a cikin zamanin masu tumbin giya na Weimar. Dada ƙungiyar masu zane ce 'yan tawaye da Höch take ciki, Weimar kuwa sunan jamhuriyar Jamus ta lokacin. Da farko ban ga komai ba sai hargitsi: ƙarafan injina, cincirindon jama'a, haruffa, kawuna a kan jikin da ba nasu ba. A hankali ido ya fara tsinta. Ga Einstein can sama ta hagu. Ga Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ta dama, an cire masa gashin bakin nan nasa na taƙama an liƙa 'yan kokawa biyu a gurbinsa. A tsakiya kuwa wata 'yar rawa ce marar kai, kan mai zane Käthe Kollwitz yana shawagi a samanta kamar ita ta cilla shi.

Sai da lokacin ya kusa cika na duƙa na ga abin da ya tsaya mini a rai. Can ƙasa a lungun dama akwai 'yar taswirar Turai da ke nuna ƙasashen da mata suka sami 'yancin jefa ƙuri'a. A jikin taswirar Höch ta liƙa fuskarta, 'yar mitsitsiya, daidai inda masu zane kan sa hannu. Matan Jamus sun fara kaɗa ƙuri'a ne a watan Janairun 1919, wato gam ɗin wannan al'amari ma bai bushe ba lokacin da take yanke-yankenta.

A nan malama ta buɗe baki. Ta ce daga 1916 zuwa 1926 Höch ma'aikaciya ce a kamfanin ɗab'i na Ullstein, tana zana samfurin saƙa da surfani don mujallun mata. Almakashi da takarda su ne kayan aikinta na neman abinci, kuma irin waɗannan mujallu ta dinga yankowa. A littattafan tarihi ana cewa Braque da Picasso ne suka shigo da liƙa takarda cikin zane a 1912. To amma tun kusan 1772 wata dattijuwa a Ingila, Mary Delany, ta fara haɗa furanni da yankakkun takardu masu launi, har ta yi kusan dubu. Nata an daɗe ana kallonsa aikin hannun mata, nasu kuwa aka ce juyin juya hali ne. Kunya ta kama ni, domin tsakin da na ja da safe daga wannan rijiyar ya sha ruwa. Kakata tana haɗa ƙyallayen da tela ya zubar ta yi mayafin gado, kuma ban taɓa tsayawa na dube shi da idon ɗaliba ba.

Abin takaici, su kansu 'yan Dada masu zagin tsohon zamani ba su tsira ba. A babban baje kolinsu na Berlin a 1920, George Grosz da John Heartfield ba su so a sa aikinta ba, sai da Raoul Hausmann ya yi barazanar janyewa. Daga baya Hans Richter, da ya zo ba da labarin ƙungiyar, abin da ya fi tunawa da ita shi ne burodi da giya da kofi da take kawo musu. Yanzu ka ga dalilin wuƙar girki: inda suka ajiye ta, daga nan ta ɗauko makami.

Sai dai ban dawo da yabo zalla ba. Da muka zauna shan shayi, malama ta zagaya da wani kundi mai ɗauke da jerin ayyukan da Höch ta fara wajen 1924, waɗanda ta raɗa wa suna daga gidan tarihin al'adun ƙabilu. A ciki ta ɗora hotunan sassaƙe-sassaƙen Afirka da na wasu nahiyoyi a kan jikin matan Turawa. Abokan karatuna suka ce ai tana sukar yadda ake baje mace kamar kayan kallo ne. Na ce na yarda, amma wane ne ya sassaƙa wannan fuskar, daga wane gari, kuma ta yaya ta zo Jamus? Aka yi tsit. Ita da aka so a goge sunanta, ga ta tana yanka aikin wasu ba suna. Malama ba ta kare ta ba, ta ce in rubuta aikin zangon nan a kan wannan tambayar.

Da daddare na sayi gam da tsofaffin mujallu na gwada. Awa uku ina fama da wuyan wata mata guda: in ka yanka kusa ta zama gunki, in ka bar 'yar farar takarda a gefe sai a ga hannunka a ciki. Na ɓata huɗu kafin na bar farin.