Rijiyar da Ba a Jan Ruwa a Cikinta

Hunturun farko da na yi a Suwidin, haya na kama a gidan wani dattijo a bayan garin Uppsala. A watan Janairu sanyi yakan kai digiri 10 ƙasa da sifiri, amma a cikin gidan mutum yana iya zama da riga ɗaya, ga shi ban taɓa ganin an hura wuta ko an kawo mai ba. Da na tambayi mai gidan, sai ya sauka da ni ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya nuna mini wata farar na'ura mai tsayin firiji, wadda ake kira famfon zafi (heat pump), tana ɗan gunji, da baƙaƙen bututu biyu da suka ratso bango suka shige ta. Na taɓa ƙarfen da ke mahaɗar ɗayansu, na ji shi da sanyi har da raɓa, kamar kwalbar da aka ciro daga firiji. Ya ce daga cikin wannan bututun ɗumin gidan yake fitowa, ni kuwa na ɗauka zolayata yake yi.

Bututun sun bi ta ƙarƙashin lambu zuwa wata rijiyar burtsatse da aka haƙa cikin dutse. Irin waɗannan rijiyoyi a Suwidin galibi zurfinsu mita 100 zuwa 200 ne, kuma ba a jan ruwa daga cikinsu. Ruwa ne gauraye da sinadarin itanol, don kada ya daskare, yake zagayawa a rufaffen bututu, ya sauka ya hau, ya dawo da ɗumin da bai wuce digiri uku ba a kan yadda ya tafi. Sirrin abin shi ne, da zarar an wuce mita goma ko makamancin haka, zafin ƙasa ba ya bin sauyin yanayi, sai ya tsaya kusa da matsakaicin zafin wurin na shekara. Duk wanda ya taɓa jan ruwan rijiya da asubar hunturu ya ji shi da ɗumi, ya kuma ja shi da tsakar bazara ya ji shi da sanyi, ya riga ya san wannan, ko da bai san sunansa ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ruwan da bai fi digiri biyu ko uku ba zai ɗumama gida. Ashe aikin firiji ne aka juya. A cikin na'urar akwai wani sinadari da yake tafasa ya zama tururi ko da cikin tsananin sanyi, don haka ɗan ɗumin da ruwan ya ɗebo ya ishe shi. Daga nan kwamfuresa ta matse tururin, matsin kuwa yana ɗaga zafinsa sosai, kamar yadda famfon keke yake ɗaukar zafi idan ana bugun iska. Wannan zafin ne ake miƙa wa ruwan da ke zagaya ɗakuna, a kan digiri 35 zuwa 55, sannan sinadarin ya huce ya koma ruwa, a sassauta masa matsi, ya sake zagayowa. Wutar lantarki a nan aikinta ɗauko zafi ne daga wuri zuwa wuri, shi ya sa kilowat ɗaya na wuta yake kawo kilowat uku zuwa huɗu na ɗumi, alhali hita ta yau da kullum ba ta taɓa ba da fiye da abin da ta sha.

Dabarar ta daɗe. Masanin kimiyyar Birtaniya Lord Kelvin ya bayyana tushenta a 1852, injiniya Heinrich Zoelly ya yi rajistar fasahar jawo zafi daga ƙasa a Suwizalan a 1912, kuma a 1938 aka fara ɗumama zauren majalisar birnin Zurik da zafin da ake jawowa daga kogin Limmat. Mutanen Suwidin sun rungume ta ne bayan tashin farashin mai na 1973, harajin hayaƙin kabon da suka sanya a 1991 kuma ya ƙara ture tukunyar mai daga gidaje.

A ganina, masu tallata ta sukan yi saurin tsallake wahalarta. Haƙa rijiyar yana cin kuɗi mai yawa tun farko, kuma ana shekaru kafin rangwamen kuɗin wuta ya mayar da shi, ko da yake bututun yana iya kai shekara 50, na'urar kuma kusan 20. Sannan dutsen ba rumbu ne marar ƙarewa ba: idan rijiyar ta yi gajarta, ko ta matsi ta maƙwabci, sai ƙasar ta riƙa yin sanyi shekara bayan shekara, aikin na'urar ya ragu. Saboda haka sai an sanar da ƙaramar hukuma ko an nemi izininta kafin a haƙa, kuma akan bar tazarar kimanin mita 20 tsakanin rijiyoyi.

Da zafi ya shigo a watan Yuli, sai mai gidan ya kashe kwamfuresa ya bar ƙaramin famfo kaɗai yana zagaya ruwan, sanyin dutsen yana shigowa ta wata fanka, zafin ɗakunan kuma yana komawa ƙasa ya jira hunturu. Wannan ne ya sa na yi tunanin Kano, sai dai lissafin can daban yake. Matsakaicin zafin Kano na shekara ya haura digiri 26, don haka ƙasar ba za ta ba da sanyi kyauta ba, dole kwamfuresa ta yi aiki. Duk da haka, zuba zafin ɗaki cikin ƙasa mai digiri 28 ya fi sauƙi a kan tura shi cikin iskar Afrilu mai digiri 40, kuma masu haƙa burtsatse ba su yi mana ƙaranci ba. Abin da zai yi wuya shi ne samun wutar da za ta riƙe kwamfuresar dare da rana.