Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Asabar a Hubbare

A makon jiya na tsaya a inda aka tura ni Sakkwato horon sanin makamar aiki, wanda ɗalibai ke kira SIWES, na sauka wurin Goggona a Mabera. Aikin kansa ba shi da dogon labari. Ɗakin gwajin ruwa ne: a kawo ruwan rijiya ko na burtsatse a kwalba, mu auna, mu rubuta, ranar Juma'a shugabanmu ya sa hannu a littafin rahotona. Damina ce, amma kafin hadari ya haɗu zafin garin sai ya hana ka sakat, balle ni da na tashi a Zariya.

Daga aiki sai gida, har wata Asabar Goggo ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, kin zo Birnin Shehu ba ki gaida mai gari ba? Ɗauko hijabinki."

Muka hau keke Napep, muka bi ta Kanwuri, ta gaban fadar Sarkin Musulmi, muka kutsa lungunan tsohon gari har Hubbare. A makaranta na haddace cewa Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809, Shehu Usmanu ya taso daga Sifawa a 1815, ya rasu a 1817. Don cin jarrabawa kawai na riƙe su. Ban taɓa kawowa a raina cewa gidan da ya zauna yana nan ba, ana shiga ana fita, ana tuɓe takalmi a ƙofa.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne matan. Tsofaffi ne akasari, daga ƙauyuka, wasu har daga Nijar, kowace da ɗan ƙunshinta na sadaka. Goggo ta nuna mini wajen da Nana Asma'u take kwance kusa da mahaifinta. Wata tsohuwa da ke zaune a inuwa ta kamo hannuna.

"Ɗiyata, daga ina kika hito?"

"Daga Zariya, Inna."

"Madalla. Zamna ki ji."

Sai ta soma rera waƙar wa'azi, a hankali, kan alwala da sallah da haƙƙin maƙwabci. Ta ce a bakin kakarta ta koya, ita kuma kakar daga wata jaji. Jajis su ne shugabannin 'Yan Taru, matan da Nana Asma'u ta riƙa koyarwa, ta ɗora musu malfa, ta tura su ƙauyuka su karantar da 'yan'uwansu mata. Da Larabci da Fulatanci da Hausa ta yi rubutu, kuma ta zuba darasi a cikin waƙa don mace mai daka da surfe ta iya riƙe shi ba tare da takarda ba. Ta rasu a 1864, ga shi karatun bai yanke ba.

Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba. Tun ina ƙarama nake jin masu cewa karatun 'ya mace baƙon abu ne a ƙasarmu, har a dangin mahaifina akwai waɗanda suka so a cire ni bayan sakandare. Da ma a ce sun zauna a gaban tsohuwar nan sun saurara.

Muka yi wa waɗanda suka rasu addu'a, muka fito bayan La'asar. A hanya Goggo ta tsaya ta saya mana fura da nono, ta ce wani satin za mu je gidan tarihi na Waziri Junaidu.

Ba mu samu zuwa a satin ba. Ranar Litinin aka kawo mana ruwa daga wata rijiya kusa da majema, inda ake jeme fatun jajayen awakin nan da Sakkwato ta yi suna da su, shugabanmu ya ce in shirya, da ni za a je ɗebo wani. Labarin majema sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.