Wayar da ka ba faswod ɗin hosfot ba ta mantawa da shi

Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, "don Allah ɗan kunna min hosfot" ya zama ruwan dare a Bauchi, daga teburin mai shayi har ɗakunan ɗalibai na Gwallameji da Yelwa. Ni wallahi ban ga laifin taimako ba, mai data ya taimaki wanda ba shi da ita. Abin da ke damuna shi ne yawancinmu muna zaton aro ne na minti biyar, alhali wayar mutumin ta riga ta ajiye faswod ɗin. Gobe ka kunna don kanka, in yana kusa wayarsa za ta haɗu da kanta ko bai taɓa komai ba, ta fara sabunta manhajoji da sauke bidiyon WhatsApp, shi kansa bai sani ba balle ka ce ya cuce ka.

Sannan tun daga Android 10 da ya fito a 2019, duk wanda ya shiga wayifai ɗinka zai iya fito da lambar QR a wayarsa wani ya ɗauka da kyamara ya shiga shi ma. Ka ba ƙaninka, ƙaninka ya ba abokinsa, kai kana can kana zagin kamfani wai suna zuƙe maka data.

Kuma fa ba data kawai ba ce. Tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa layi da NIN, to duk abin da mutum ya yi a intanet ta hosfot ɗinka, ta layinka ya bi, layin da ke ɗauke da sunanka. In ya damfari wani ko ya tura abin da bai kamata ba, ƙofarka za a iya fara ƙwanƙwasawa. Wannan kaɗai ya isa mutum ya daina barin hosfot a buɗe ba faswod.

Shi faswod ɗin kuma, waya ba ta karɓar ƙasa da haruffa 8, ana iya kaiwa har 63, amma jama'a sai su sa 12345678 ko lambar wayarsu ko sunan ɗansu da shekarar haihuwa, abubuwan da kowa a unguwa ya sani. Ba sai ka sa wani abu mai wuyar haddacewa ba. Haɗa kalmomin Hausa uku ko huɗu da ba su da alaƙa da juna, ka jefa lamba a tsakani, tsawon shi ne ƙarfinsa. Kar kuma ya zama shi ne na Facebook ɗinka ko na banki, tunda wannan kai da bakinka kake faɗa wa mutane shi. A wajen zaɓin tsaro ka bar shi a WPA2, ko WPA3 in wayarka sabuwa ce, sai dai wasu tsofaffin wayoyi da laftof ba sa iya haɗuwa da WPA3 ɗin.

Sunan hosfot ma abin dubawa ne, musamman ga ƴan uwa mata. A iPhone sunan wayar shi ne sunan hosfot, in Hajiya ta sa cikakken sunanta, duk wanda ya buɗe wayifai a motar haya ko a layin asibiti zai gani. A canza shi zuwa abin da ba ya nuna ko waye. Ɓoye sunan gaba ɗaya yana rage masu roƙo, amma ba ya tare wanda ya san hanya.

Na san inda matsalar take, kunya ce. Yayanka ko maƙwabci ya ce ka kunna masa, da wane baki za ka ce a'a? Ba sai ka ce a'a ba. Karɓi wayar ka rubuta masa da hannunka, in ya gama ka canza faswod, shi ke nan duk wayoyin da suka ajiye tsohon sun fita ba tare da ka ɓata da kowa ba. Wayoyi da yawa irin su Tecno, Infinix da Samsung suna nuna maka waɗanda ke kai a lokacin, wasu har suna bari ka ƙayyade wayoyi nawa za su shiga ko data nawa za a sha, ka leƙa saitin ka gani. Ka kunna saitin da ke kashe hosfot da kansa in ba kowa a kai, batir ma zai huta.

Masu haɗa laftof mai Windows kuma, ku shiga saitin wayifai ku nuna masa cewa wannan data ce ta awo, in ba haka ba yana ganin wayifai zai ɗauka na ofis ne ya fara sauke sabuntawa, kafin ka gama tura aikin makaranta gig biyunka sun tafi.