Siminti ya kusa kayar mana da zaure

Har yanzu in na tuna kuɗin da muka zuba a yaɓen siminti sai raina ya ɓaci. Zauren gidanmu na gado a cikin birnin Kano ginin ƙasa ne, tubali da azara. Da bangon gabas ya fara zaizayewa, inda ruwan damina ke duka, wani magini ya ce a lulluɓe shi da siminti mu huta da yaɓen shekara-shekara. Daga waje ya yi kyau ƙwarai. Ashe ruwa na shiga ta tsaga, siminti ya hana shi fita, ƙasar na jiƙa tana ruɓewa daga ciki. Ranar da muka ƙwanƙwasa bangon muka ji yana amsawa kamar ganga, sai ɓawon ya ɓallo da rabin tubalin.

Baffana ne ya ce in je Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi na Kano, in buɗe ido. Na sha shiga gidan ina yaro, amma kayan tarihi nake kallo, ƙyauren tsofaffin ƙofofin ganuwa da makamai da kayan saƙa. Wannan karon sama na ɗaga kai. Gidan da aka gina tun ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, kafin ya hau gadon sarauta a 1463, wanda Turawa suka mayar ofis bayan sun ci Kano a 1903, yau yana cikin gine-ginen tarihi da gwamnatin tarayya ke karewa. Ga bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin ƙasa mai kama da baka, yana ɗauke da rufi, ga azara an jera ta gajeru-gajeru, kowace ta hau kan 'yar'uwarta, don itacen giginya da ake yin azara da shi ba ya son dogon zango. Bangon kuwa gindinsa ya fi samansa kauri nesa ba kusa ba.

Nan na gane ƙasa tana son a bar ta ta sha iska. Muka nemo tsohon magini, ya kankare simintin kaf, ya cike ramukan da sabon tubali, ya yi yaɓe da makuba ta ɓawon ɗorawa. A saman soro ya sa laso, yaɓen hana ruwa shiga wanda ake haɗawa da katsi, wato tukar da ke kwantawa a ramin marina, da gashin jima. Samun katsin ma sai da muka sha yawo, masu yinsa sun yi ƙaranci.

Sau biyu muka biya kuɗin aiki ɗaya, duk saboda simintin nan. In kana da soro, duba indararo kafin ruwan farko, don namu da ya toshe shi ya fara kai ruwa bayan yaɓen. Wanda duk ya zo maka da buhun siminti kuma, tambaye shi ta ina danshin zai fita.