Godiya bayan ƙaddamar da littafi

Assalamu alaikum. Sai yau, kwana 3 da tashi daga taro, na samu na riƙe waya hannuna bai yi rawa ba. Alhamdulillahi. Ba sai na maimaita muku wahalar maɗaba'a ba, ko motar da ta mace a Nabordo da kwalaye 6 a bayanta, balle surutun wai ina koya wa yara sihiri don na rubuta labarin yarinyar da in ta ɗaga murya tana karatu, abin da ke cikin takarda ya fito fili. Kamar ba da Gizo da Ƙoƙi aka raine mu ba.

Abu ɗaya ne ya ƙi barin raina. Ana tsakiyar taro Malam na unguwarmu ta Jahun a garin Bauchi, wanda a gabansa na yi saukar Alƙur'ani, ya dogara sanda ya miƙe. Wallahi cikina ya ɗuri ruwa, na ce shi ke nan, an kai masa gulma. Har lasifikar da ke hannuna ta jiƙe da gumi. Ya gyara rawani, ya ce jikarsa ta karanta masa kwafin da na aika gidansa dare 3 a jere, kuma laifina ɗaya ne: na bar yarinya a kogunan Marshall na Yankari tun hantsi har magariba, ga ruwan Wikki a kusa, ban ce ta yi alwala ta ba da farali ba. Ɗaki ya kwashe da dariya, ni kuwa hawaye. Kafin ya zauna ya biya kwafi 10 don 'yan matan Islamiyyarsa. Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana, ya sa ya gama da duniya lafiya.

Inna ta ce kada in ambace ta, amma kuɗin adashenta ne suka sayi takarda, don haka ki yi haƙuri Inna. Yaya, da ka fita ƙarfe 2 na dare ka kwaso kwalayen nan, Allah ya raya maka zuri'a, ya tsare ka a hanya. Gwaggo da ta hau tanda tun asuba, masarki ta ƙare kafin a buɗe taro da addu'a. Ɗalibaina 'yan aji 2 da suka jera kujeru, Allah ya ba ku ilimi mai albarka, ya haɗa ku da abokan zama nagari.

Wasu sun taso tun daga Azare da Gombe. 'Yan uwa na Fadaman Mada kuwa, da ko kuɗin Keke Napep ba su kai a ce komai ba, na san hidima ce ta yi yawa. Kujerunku na gaba dai yara suka zauna a kai.

Mai kula shuɗiya da aka manta a wurin taro, tana gidan Inna.